Zaure da Sakata: Ta Wane Gefe Ake Buɗewa?

Duk inda gidaje suka haɗa tsakar gida ɗaya, wata rana sai maƙwabta sun zauna a kan maganar ƙofa: a sa ta ko a bari a buɗe? In za a sa, wa zai biya, kuma wa za ta tsare a waje? Malaman Yahudawa sun yi muhawara a kan wannan batu tun wajen ƙarni 18 da suka wuce, kuma abin da suka bari a rubuce ya cancanci mu dube shi da natsuwa, domin a cikinsa sutura da tausayi suka yi karo a bakin ƙofa ɗaya.

A garuruwan Galili na wancan zamani, iyalai da dama kan zauna a ɗakunan da ke kallon fili ɗaya. A nan ake girki, a nan ake niƙa, a nan kaji ke kiwo. Littafin dokokinsu mai suna Mishna, wanda Rabbi Yahuda Hanasi ya tattara wajen shekara ta 200, ya yi hukunci a babin da ake kira Baba Batra cewa masu tarayya a irin wannan fili suna da ikon tilasta wa junansu biyan kuɗin gina ƙofa da ɗakin shiga, wato abin da mu za mu kira zaure. Wanda ya ce shi ba ya bukata, ba a karɓar uzurinsa. Wani babban malami, Rabban Shimon ɗan Gamliyel, ya saɓa: a ganinsa filin da ke bakin babbar hanya ne kaɗai ke bukatar zaure. Sauran malamai suka amsa masa cewa ko filin da ke cikin lungu, wata rana cunkoso kan turo jama'a har cikinsa.

Dalilin wannan tilas shi ne wata ƙa'ida da suka riƙe da ƙarfi: ido yana ɓarna. Wanda ake leƙe yayin da yake cin abinci ko yake hira da iyalinsa an cuce shi, ko da ba a ɗauke masa tsinke ba, domin an rage masa amfanin gidansa. Saboda haka idan mutum biyu suka raba fili, sai a gina katanga mai tsawon kamu huɗu, kusan mita 2. Haka kuma an hana buɗe taga daidai da tagar maƙwabci, ko ƙofa daidai da ƙofarsa. Sun jingina wannan ga labarin Bal'amu a cikin Attaura, wanda aka ɗauko domin ya la'anci Bani Isra'ila, sai bakinsa ya koma ga yabo. Malaman suka ce abin da ya gani shi ne ƙofofin tantunansu ba sa fuskantar juna. Ashe a wurinsu sutura haƙƙi ce da alƙali ke tsarewa, kuma talakan cikin filin yana da rabonsa a ciki kamar mai kuɗi.

Da maganar ta tsaya a nan, da ba ta wuce dokar gini ba. Amma malaman Babila da suka yi sharhin Mishna a cikin Talmud, wanda aka kammala wajen ƙarni na 6, sun kawo wani labari da ya dagula lissafin. Akwai wani mutum mai tsoron Allah wanda Annabi Iliyasu ya saba ziyarta yana magana da shi. Ran nan mutumin ya gina zaure a ƙofar gidansa, daga nan Iliyasu bai sake yi masa magana ba. Labarin ke nan, babu tsawa, babu bulala, babu tara. Sai malaman suka tambayi kansu: yaya abin da doka ke tilastawa zai zama sanadin da annabi zai ƙaurace wa mutum?

Rashi, malamin birnin Troyes na ƙasar Faransa, wanda ya rasu a 1105, ya bayyana laifin a taƙaice: zauren ya tare muryar matalauci, yana kira daga waje ba a jin sa a ciki. Mai karatu ya lura, ba a ce mutumin ya kori kowa ba, ba a ce ya hana sadaka ba. Wataƙila da an roƙe shi zai bayar. Abin da ya yi shi ne ya tsara gidansa ta yadda roƙon ba zai iso kunnensa ba, ya huta da nauyin cewa a'a. Wannan shi ne irin rowar da ba ta barin tabo a zuciya, domin mai yin ta yana iya rantsuwa cewa bai taɓa hana kowa ba, kuma bai yi ƙarya ba.

Yadda Talmud ya sasanta dokar da labarin shi ne ya fi ba ni sha'awa, domin bai soke ko ɗaya ba. Ya kawo amsa huɗu, kowace ta fi ta gabanta kusantar hannun magini. Ta farko: a duba inda zauren yake. In yana waje da ƙofar filin, matalauci zai shiga cikinsa ya yi kira a ji shi. In yana daga ciki, bayan ƙofar da aka kulle, ya zama bango na biyu tsakanin murya da kunne. Ta biyu: a duba ko zauren yana da ƙyaure ko babu. Ta uku: in yana da ƙyaure, a duba ko yana da abin buɗewa. Ta huɗu: in yana da shi, a duba ta wane gefe yake, ta ciki inda mai gida kaɗai ke isa gare shi, ko ta waje inda baƙo zai iya sa hannu. Babbar tambaya ta adalci ta sauko har ta tsaya a kan ƴar sakata. Daga baya Musa ɗan Maimun, wanda ya rasu a Masar a 1204, da Yusufu Karo, wanda aka buga littafin dokokinsa a 1565, duka sun tabbatar da hukuncin tilasta gina zaure, labarin Iliyasu kuwa ya ci gaba da zama a gefensa ana karanta su tare.

Abin da na fahimta shi ne malaman nan sun raba tsakanin ido da kunne. Mutum yana da haƙƙin kada a gan shi a cikin gidansa, amma ba shi da haƙƙin kada ya ji. Katanga an yi ta ne domin idon mai leƙe, wanda ke ɗaukar abin da ba nasa ba. Muryar mai yunwa kuwa ba ta ɗaukar kome, tuni kawai take yi da wani bashi da ke kan mai hali. Matsalar ita ce tubali ɗaya ne ke tare su duka biyu, shi ya sa tilas mai gini ya yi tunani kafin ya aza shi.

Wani zai ce ai al'ummar da ta tsara sadakarta ba ta bukatar a riƙa bin ƙofa ƙofa. Wannan magana tana da nauyi, kuma su ma ba su manta da ita ba. A cikin babin nan dai an tsara akushin abinci da ake tarawa kullum domin kowane matalauci, da asusun kuɗi da ake rabawa duk Juma'a ga matalautan gari. Kuɗin asusun mutum biyu ke karɓa, mutum uku ke rabawa. An kuma jera lokacin da kowane nauyi ke hawa kan sabon mazauni: bayan kwana 30 zai ba da na abinci, bayan wata 3 na asusu, bayan wata 6 na tufafi, bayan wata 9 na jana'iza, sai bayan wata 12 ake neman nasa na ganuwar gari. Ciki ya riga ganuwa da wata goma sha ɗaya. Duk da wannan tsari, Iliyasu ya ƙaurace wa mai zaure. Dalili, a ganina, shi ne asusu yana ciyar da wanda aka rubuta sunansa, amma akwai wanda yunwarsa ta faro da daren jiya, akwai baƙon da ya sauka yau. Ban da haka, wanda ya daɗe bai ji muryar mabukaci ba, hannunsa kan yi sanyi ko wajen zuba wa asusun.

Wani kuma zai ce zamani ya canza, ɓarayi sun yi yawa, rigakafi ya fi magani. Gaskiya ne, kuma babu inda malaman suka ce a kwana ƙofa a buɗe. Su ne ma suka tilasta a gina ta. Abin da suka ƙi shi ne tsoro ya zama mayafin da rashin tausayi ke fakewa a ciki.

Mu nan ba baƙin wannan tambaya ba ne. Wanda ya zaga unguwar Birni a Damagaram ya san zauren gargajiya: ƙofarsa ta waje a buɗe take da rana, ta cikin kuma an kauce da ita gefe don kada mai wucewa ya hango tsakar gida. Ido yana tsayawa a nan, sallama tana wucewa. Matafiyi yana samun inuwa, almajiri yana tsayawa da ƙwaryarsa, daga ciki a aiko yaro da saura. Maginanmu ba su karanta Talmud ba, amma sun isa ga amsar farko da ya bayar. Yanzu kuwa, a sababbin unguwannin Yamai da Maraɗi, doguwar katanga ce da ƙofar ƙarfe, sakata ta ciki, mai gadi kuma an riga an gaya masa wanda zai ce wa mai gida ba ya nan. Ni kaina na taɓa zama a irin wannan gida wata shida, sai ranar da na tashi na lura ban ji bara ko sau ɗaya ba, alhali makarantar allo tana bayan katangarmu.

Hausawa na cewa baƙonka annabinka. Mutumin cikin labarin ya rufe ƙofa ga matalauci, sai ya tarar annabin ma ta nan yake shigowa. Saboda haka idan maƙwabta suka taru za su haɗa kuɗin ƙofa, ko ƙungiyar iyayen yara za ta kewaye makaranta, a gina, doka ta yarda, hankali ma ya yarda. Sai dai kafin a sallami magini, wani daga cikinsu ya fita waje, a rufe, ya tsaya inda mabukaci zai tsaya, ya yi sallama da muryar da ba ta da ƙarfi. In an amsa masa daga ciki, ginin ya yi. In ba a amsa ba, da sauran aiki.