Tausayi a Ƙofar Kurkuku

Da wuya a rasa unguwar da ba a taɓa ganin haka ba. Saurayi ya gama zaman wa'adinsa a gidan yari, ya koma garejin da ya koyi aiki, maigidan ya ce babu gurbi. Washegari sai ga sabon yaro an ɗauka. In an yi wa maigidan magana, amsarsa a shirye take: mai hali ba ya fasa halinsa.

Wannan magana ta zama mafakar marowatan tausayi. Mai faɗinta ya sake yanke hukunci bayan alƙali ya gama nasa, kuma nasa hukuncin ba shi da ranar ƙarewa. Ya hana yaro aiki, ya hana shi aure, ya hana 'ya'yansa gaishe shi. Ranar da yunwa ta mayar da yaron sata, shi ne kan gaba wajen cewa ai dama ya faɗa. Abin takaici, irinsa ne ke raba sadaka a bainar jama'a.

Charles Spear, mutumin Boston a Amurka, ya ɗauki wata hanyar daban. Da sana'ar ɗab'i ya fara kafin ya zama limamin coci a ɗarikar Yunibasalis, masu imanin cewa rahamar Ubangiji za ta game kowa a ƙarshe. A 1844 ya wallafa littafi yana adawa da hukuncin kisa. A 1845 ya fara fitar da jarida mai suna The Hangman, wato hauni, daga baya ta koma The Prisoner's Friend, abokin fursuna.

Ba dole ne mutum ya yarda da aƙidarsa ko ra'ayinsa kan kisa ba. Abin dubawa shi ne bai tsaya ga alƙalami da mumbari ba. Shi da ɗan'uwansa John Murray Spear suna shiga kurkuku ziyara, suna karɓar waɗanda aka sallama, suna nema musu aikin yi. A 1851 ya je Ingila don ya ga yadda ake tafiyar da gidajen yarinsu. Ya rasu a Washington a 1863, lokacin yaƙin basasar Amurka, yana hidimar majinyata a asibiti.

Mu ma za mu iya bin sawunsa. Duk mai shago ko gareji da ke da gurbin yaro ɗaya, ya ɗauki wanda aka sallamo, ya sa masa ido, ya biya shi hakkinsa kamar kowa.