Kalmar Da Ta Gangaro Daga Albarka Zuwa Wauta



Kwanakin baya wani ɗalibina ya zo wurina ransa a ɓace. An turo kuɗi cikin asusunsa bisa kuskure, ya nemo mai su ya mayar masa, alhali ko kuɗin makaranta bai gama biya ba. Abokansa suka yi ta yi masa dariya, ɗaya ya ce masa "silly", wato wawa. Ya ce min: "Malam, anya ban yi wauta ba kuwa?"

Na ce zauna, in ba ka tarihin kalmar da aka zage ka da ita.

A tsohon Turancin Ingila, kimanin shekara 1000 da suka wuce, asalinta "sælig" ne, ma'anarta mai farin ciki, mai albarka. Har yau 'yar uwarta "selig" tana nan a Jamusanci da ma'anar mai albarka. A ƙarni na 13 ana faɗinta ga mai tsoron Allah, marar laifi. Daga nan ta gangaro zuwa wanda ba ya iya cutar da kowa, sai abin tausayi, sai mai rauni. Kafin ƙarni na 16 ya ƙare, ta zama wawa.

Kalma fa ba ta da ƙafa, mutane ne suka ja ta. Sun ga mai gaskiya ba ya cuta, sai suka ɗauka kasawa ce. Daga tausayi kuwa zuwa raini ba nisa.

Kafin mu yi wa Turawa dariya, mu duba bakinmu. Sau nawa muke cewa "ai wane bawan Allah ne", muna nufin ba shi da wayo? Wanda ya damfari jama'a kuma mu ce "kai, yaron nan idonsa a buɗe yake".

Ban ɓoye wa ɗalibina ba, gaskiyarsa ta ci masa kuɗi, bashin makaranta yana nan. Amma wawa shi ne wanda bai san darajar abu ba. Shi kuwa ya san darajar kuɗin sarai, ya kuma san ba nasa ba ne.

Abin da ke ba ni tsoro shi ne yaranmu suna jin wanda muke yabo da wanda muke yi wa dariya. Duk sunan da muka ba mai amana a gabansu, da shi za su tashi.

Allah Ya gyara mana harsunanmu da zukatanmu.