Mai Gida, Ka Sauke Mata Kaya



A ƙauyukanmu na arewacin Kano, inda gona take manne da gona, Fada ba ya samun zuwa kowace majami'a kowace Lahadi. Mun kuwa san waɗanda suke riƙe da addu'a in ba ya nan. 'Yan Zumuntar Mata Katolika ne suke share ɗakin sujada, su tara hatsin godiya da kaka, su duba marasa lafiya, su koya wa yara Rosari. Amma ranar zaɓen shugaban majalisar ikilisiya ko ma'aji, sai mu maza mu raba kujerun a tsakaninmu, mu bar musu dafa abincin taro.

Ikilisiya ta yi nata. A 2021 Paparoma Francis ya gyara doka, ya buɗe wa mata hidimar karatun Littafi Mai Tsarki da hidimar bagade, a shekarar kuma ya kafa hidimar katikis domin maza da mata. Batun firistanci dabam ne. Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya yanke magana a kansa tun 1994, ba shi muke taɓawa ba.

Abin da ya rage yana cikin gidajenmu. Matar manomi takan yi aikin gandu, ta koma gayaunarta, ga daka, ga ɗiban ruwa, ga itace. Yaushe za ta je horon katikis? Wanda yake so ya ga matarsa ta tsaya gaban jama'a tana karanta Maganar Allah, sai ya sauke mata wani kaya. Ya yafe mata ranar gandu ko da damina ce, ya biya kuɗin mota, ya lura da yara har ta dawo. Mafi wuya duka, ya jure ba'ar abokai a dandali, gama za su kira shi mijin-ta-ce.

Mu tuna da Akila. A Ayyukan Manzanni sura 18, shi da matarsa Bilkisu ne suka jawo Afolos, masanin nan na Iskandariya, suka ƙara fahimtar da shi hanyar Allah. Sau da yawa Littafi yakan ambaci sunan matar kafin na mijin, ba mu kuwa ji Akila ya yi ƙorafi ba.

Ga kuma 'ya'yanmu mata. Wadda aka cire daga makaranta domin talla ko auren wuri ba za ta iya rubuta lissafin baiko ba, balle ta hau karatu ranar Lahadi.

A taron majalisa mai zuwa, in mace ta fara magana wani ya katse ta, muna roƙon dattijon da yake kan kujera ya ce a bar ta ta gama.