Halin Mesa ko Halin Mai Ita?

Wata rana a kasuwar Kuje na tsaya bayan taron da ya kewaye wani gardi. Ya rataya mesa a wuya kamar rawani, yana ta kirari, yara na matsowa suna ja da baya. Da aka tambaye shi ko tana cizo, sai ya shafa bayanta ya ce, "Wannan ai mai hali ce." Na koma gida kalmar tana yi mini yawo a ka. Dabbar da ba ta san kunya ba, ba ta san alkawari ba, ta ina ta samo halin kirki?

A shekarar 2005 wani mai ɗaukar hoto ɗan Afirka ta Kudu, Pieter Hugo, ya bi wata ƙungiyar gardawa a gefen Abuja, ya ɗauke su da kurayensu da birai da mesa, hotunan suka zaga duniya, aka yi ta Allah wadai. Alhali kuwa Turai da Amurka suna da nasu gardancin, sai dai su a cikin ɗaki suke yinsa, a akwatin gilashi. Daga cikin abin da suka fi ƙauna akwai koriyar mesar bishiya.

Kada mai karatu ya ɗauka damatsirinmu ce. Asalinta kurmin tsibirin Niyu Gini ne, da tsibiran Indunusiya irin su Aru da Biak, da zirin Cape York a arewacin Ostareliya. Takan ƙyanƙyashe rawaya ko ja, sai ta doshi shekara ta rikiɗe koriya shar. Ba ta da dafi, amma haƙoranta dogaye ne. Da rana takan naɗe jikinta a reshe kamar sirdi a bayan doki, ta kwantar da kai a tsakiya. Da dare ta sauko da kan, ta yi dako. A leɓenta akwai wasu 'yan ramuka da ke jin ɗumin jiki, saboda haka hannun mutum a duhu, a wurinta, da shi da ɓera duk ɗaya ne.

Masu kiwonta kan ce 'yan Biak masu zafin rai ne, 'yan Aru kuwa da sanyin hali. Amma a dubi dokokin da suka gindaya. Ba a fizge ta daga reshe, sai a ɗauko reshen da ita, a bari ta zamo kan hannu don kanta. Ba a taɓa ƙanana, domin ƙashin bayansu ba shi da ƙwari. Ba a sa hannu a akwati bayan magariba. Kowace doka cikin waɗannan mutum ta ɗaure, ba mesa ba. Wadda aka yaba da sanyi, sau da yawa mai ita ne ya koyi lokacinta, ya hana hannunsa ƙaiƙayi. Ashe rabin halin da ake jingina mata nasa ne.

Wani zai ce ai hali zanen dutse ne, kuma 'ya'yan uwa ɗaya ma sukan bambanta, wata ta fi wata saurin kai sara. Na yarda. Sai dai wannan halitta ce. Halin da ake yabo ko zargi a kansa sai inda zaɓi yake, ita kuwa ba ta zaɓi kome ba. In muka ce mata mai hali, abin da muke nufi kawai shi ne ba ta dame mu ba. Da wannan ma'auni muke auna bara, da shi kuma, in za mu faɗi gaskiya mu malamai, muke auna ɗalibin da bai taɓa ɗaga hannu a aji ba.

Shiru kuwa ba kullum yake nufin yarda ba. A 2011 masu bincike biyu, Jessica Lyons da Daniel Natusch, sun nuna cewa aƙalla kashi 80 cikin 100 na irin wannan mesa da ake fitarwa daga Indunusiya da sunan haihuwar gona, daga daji aka kamo su. Irinsu kan iso da tsutsar ciki, su ƙi abinci, su lafe a reshe. Mai saye ya yi murna ya sami mai ladabi, alhali galabaita ce.

Hadisin matar da ta tsare kyanwa ya zarge ta da abu biyu: ba ta ciyar ba, ba ta kuma saki ba. Haƙƙin wannan mesa ya wuce ɓera ɗaya a mako ko biyu. Tana bukatar ɗumi da laimar kurmi da reshe, da kuma a ƙyale ta. Wanda ya kawo ta Kuje sai ya yi ta fesa ruwa duk tsawon hunturu, lokacin da leɓen mutum ma ke tsagewa, ya kuma yi tanadin daren da aka ɗauke wuta. In ya gaji, ƙofa ta biyu a rufe take, domin dajin Kuje ba nata ba ne; sakinta a can kisa ne. Gardin kasuwa, duk da abin da ake faɗa a kansa, yana iya kwance tasa a bakin rafi ta san hanya.