Ajiyar da Take Tsatsa

Kujerar robar da ake jerawa a gidan biki daga cikin mol take fitowa: ƙarfe ne ɓari biyu mai nauyin tan da yawa, a narka roba a tura masa da ƙarfi, ta huce, ya buɗe baki ya tofo kujera. Nawa mol ɗin a Huangyan aka sassaƙa shi, a lardin Zhejiang na ƙasar Sin, can kuma na bar shi wata masana'anta tana buga mini kaya. Kuɗina ne, amma a gidan wani yake kwana.

A zauren malaminmu mun karanta hukuncin ajiya a Risala: wanda aka ba ajiya ba ya biya in ta salwanta, sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka. Da zinariya ce, da magana ta ƙare, a kulle ta a akwati. Mol kuwa kulle shi kawai kashe shi ne. In ba a tsiyaye ruwan da ke cikin hanyoyin sanyaya shi ba, aka hana fuskarsa mai, damshin bazarar Zhejiang zai cinye shi, kujera ta riƙa fitowa da zane da gemu a gefe. To mutumin da bai taɓa kayanka ba, bai kuma duba su ba, ya riƙe amana?

Ni dai na ce bai riƙe ba. Haka wanda ya ɗora mol ɗinka a inji da dare ya buga wa wani ɗan kasuwa. Kowane bugu yana rage wa ƙarfen kwana, ko da sikeli bai nuna ya ragu ba. Kada kuma wani ya ce ai ba addininmu ɗaya da masu masana'antar ba. Lokacin hijira Annabi (SAW) ya bar Sayyidina Ali a Makka don ya mayar wa mutanenta ajiyarsu, alhali su ne suka kore shi.

Sai dai mu masu kaya muna da namu. Mutum ya yi shekara bai ba da oda ba, bai aika ko kwabo na mai da gyara ba, ran da zai kwaso ƙarfensa zuwa unguwar masana'antu ta Sharaɗa ya gan shi ja da tsatsa, sai ya hau kururuwar an ci amanarsa. Wanda ya goge, ya shafa mai, ya sauya fil ɗin da ya lanƙwashe, aiki ya yi, kuma aiki da lada yake tafiya. Ɗan'uwa, kafin kwantenar kayanka ta tashi, a rubuta wa zai kula da mol ɗin da nawa za ka biya.