Fatawa a Kan Karen Gadi da Sankara Ta Kama Ƙashin Ƙafarsa

TAMBAYA

Ina da gona da 'yan bisashe a bayan gari, kuma shekara takwas ke nan ina tare da wani babban kare, irin na Jamus ɗin nan da 'yan sanda ke aiki da su, wanda ke kwana a bakin garke. Tun da damina ya soma ɗingishi da ƙafar gaba ta hagu, muka zaci ƙaya ce ko targaɗe, sai ga kumburi mai tauri ya fito a saman wuyan ƙafar. Likitan dabbobi ya ɗauki hoton ƙashin, ya ce sankara ce, ya ajiye mini zaɓi uku: ko a yanke ƙafar a bi shi da allurai in da hali, ko a bar shi a kan maganin rage zafi, ko a yi masa allurar da zai mutu ba wahala. Ƙanena ya ce yanke ƙafar dabba canza halittar Allah ne, maƙwabcina ya ce kashe kuɗi a kan kare almubazzaranci ne, ni kuwa cikin dare ina jin nishinsa, barci ya gagare ni. Mene ne hukuncin Shari'a?

AMSA

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Ubangijin da ya ɗauki nauyin arzikin kowace dabba mai tafiya a bayan ƙasa, tsira da aminci su tabbata ga wanda aka aiko domin rahama ga talikai, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ɗan'uwa, ka sani cewa rashin barcin da nishin wannan dabba ya jawo maka alama ce ta rayuwar zuciya, kada ka ji kunyarsa a gaban kowa. Domin ya inganta a cikin Muwaɗɗa da Buhari da Muslimu cewa Allah ya gafarta wa wani matafiyi saboda ya sauka rijiya ya ɗebo ruwa a huffinsa ya shayar da kare mai lallage don ƙishirwa, kuma da sahabbai suka yi mamaki, aka sanar da su cewa akwai lada a cikin kyautata wa duk wani mai rai. Zan amsa maka a cikin mas'aloli huɗu, bayan na gabatar da abin da masana wannan fanni suka tabbatar, saboda mufti ba ya yanke hukunci a kan abin da bai san surarsa ba.

Abin da likitocin dabbobi suka sani game da wannan cuta shi ne, ita ce mafi yawan sankarar da ke kama ƙashin kare, ta fi aukawa manyan karnuka masu nauyi idan sun manyanta, kuma ta fi son dogayen ƙasusuwan ƙafa, musamman daidai wurin da ka ambata. Tana cin ƙashi daga ciki tana fasa shi sannu a hankali, abin da ke sa raɗaɗinta ya kasance cikin mafi tsananin raɗaɗi, har ƙashin ya kan karye da kansa saboda tsalle kaɗan ko zamewa, karayar da ɗori ba ya kama ta. Abin da ya fi wannan nauyi shi ne, kafin a gane ciwon, a kusan karnuka 9 cikin 10 ƙwayoyinsa sun riga sun bi jini sun sauka a huhu, ko da hoton ƙirji bai nuna su ba tukuna. Saboda haka yanke ƙafa yana ɗauke tushen raɗaɗin, amma galibi ba ya warkar da cutar: karen da aka yanke wa ƙafa kawai yakan ƙara kamar wata 4 zuwa 5, wanda kuma aka haɗa masa da allurai masu yaƙar sankara, irin su kaboflatin da ake yi duk bayan mako 3, yakan kai wata 10 zuwa 12, kaɗan ne daga cikinsu ke haura shekara 2. Waɗannan ƙididdiga ce ta galibi, ajali kuwa yana hannun Mai shi.

Mas'ala ta farko: matsayin wannan kare a hannunka. Riƙon kare domin farauta da kiwo da tsaron shuka halal ne da nassin hadisi, naka kuwa na garke ne da gona, saboda haka ba ya shiga cikin wanda ajiye shi ke rage wa mutum lada kullum. A mazhabarmu ta Malikiyya kare mai rai tsarkakakke ne, jikinsa da yawunsa, kuma wanke ƙwarya sau bakwai idan ya yi lallage a ciki bauta ce da aka umurce mu da ita ba don najasa ba. Don haka babu laifi ka taɓa shi, ka ɗaga shi, ka wanke masa rauni, ka je ka yi sallarka. Tun da kuwa ya halatta ka riƙe shi, to haƙƙinsa ya hau kanka. Shehun malami Izzuddini ɗan Abdussalami, wanda ya rasu a Misira a shekara ta 660 bayan Hijira, da ya zo lissafa haƙƙoƙin dabbobi a kan masu su a littafinsa Ƙawa'idul Ahkami, ya sanya ci gaba da ciyar da su ko da sun tsufa ko sun yi ciwon da ba a ƙara amfana da su. Hausawa ma sun ce kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski. Wanda ya yi shekara takwas yana barci har da minshari saboda wannan dabba tana farke a cikin sanyi da ruwan sama, bai halatta gare shi ba, ranar da ƙafarta ta gaza, ya kai ta bayan gari ya yar, ko ya ɗaure ta ya kau da kai har ta mutu, alhali ya san labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba.

Mas'ala ta biyu: yanke ƙafar. Maganar ƙanenka tana da asali, domin Shari'a ta haramta musla, wato yanke gaɓoɓin mai rai don wasa ko azabtarwa ko ƙawa, har Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tsine wa wanda ya yi wa jaki lalas a fuska. Sai dai illar wannan hani ita ce cutarwa ba da wata maslaha ba, kuma hukunci yana tafiya ne tare da illarsa, in ta kau ya kau. Dalili kuwa shi ne, Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani a cikin Risala, wadda kowane almajiri a ƙasar nan ya sani, ya halatta fiɗiyar tumaki da awaki saboda gyaran namansu. To idan an yarda a cire wa dabba gaɓa mai lafiya domin amfanin mai cin nama, cire mata gaɓar da ta ruɓe domin amfanin ita kanta ya fi cancantar halatta. Kuma malaman tarihi sun ruwaito cewa Urwatu ɗan Zubairu, ɗaya daga cikin manyan fuƙaha'u bakwai na Madina, an yanke masa ƙafa a Sham a zamanin Walidu ɗan Abdulmaliki saboda ciwon da ke cin ta yana hawa, babu kuwa malamin da ya kira wannan canza halitta. Abin da ya halatta ga jikin ɗan Adam mai alfarma domin magani, ya halatta ga jikin dabba.

Halaccin yana da sharuɗɗa uku. Na ɗaya, likita masani amintacce ya tabbatar da ciwon, domin akwai ruɓar ƙashi da ƙwayoyin cuta ke kawowa wadda kan yi kama da sankara a hoto. Idan zuciyarka ba ta natsu ba, akwai asibitocin koyarwa na dabbobi a jami'o'in Zariya da Sakkwato da Maiduguri, ka nemi a ɗauki hoton ƙirji, a kuma gutsiri ƙashin a auna. Na biyu, ya rinjaya a zaton likita cewa sauran ƙafafu uku za su ɗauke shi, domin ƙafafun gaba su ke ɗaukar kusan kashi 60 cikin 100 na nauyin kare, kuma idan yana da ƙiba mai yawa, ko ciwon gaɓɓai ya riga ya cinye ƙugunsa, ko cutar ta bayyana a huhu, to aikin zai zama ƙarin wahala ba tare da fa'ida ba. Na uku, a yi aikin da allurar barci da maganin kashe zafi, a kuma yi jinyarsa har ɗinkin ya kame. Kada kuma tausayi ya ruɗe ka ka auna shi da ma'aunin mutum: kare ba ya jin kunyar gurguntaka, ba ya tunanin abin da maƙwabta za su ce, kuma tun ranar da ka ga yana ɗage wannan ƙafa yana tsallake kunyoyin gona da sauran ukun, ya riga ya koyi tafiyar da zai yi bayan tiyata. Yawancinsu sukan miƙe cikin kwana ɗaya ko biyu, su saba cikin 'yan makonni.

Mas'ala ta uku: kuɗin magani. Abin da ya wajaba a kanka shi ne ciyarwa da shayarwa da kawar da azaba gwargwadon ikonka. Amma tiyata da allurai masu tsada, waɗanda ke jinkirta cutar ba su kawar da ita ba, ba su kai matsayin wajibi ba. Idan Allah ya yalwata maka, ta yadda abin da za ka kashe ba zai taɓa abincin iyalinka da suturarsu da maganinsu da karatun 'ya'yanka ba, ba zai hana ka biyan bashin da ya wajaba ba, to kashe shi sadaka ce da ake fatan lada a kanta, kuma maƙwabcinka ya yi kuskure da ya kira shi almubazzaranci, domin almubazzaranci shi ne zuba dukiya inda Shari'a ba ta ga amfani ba. Idan kuwa sai ka sayar da hatsin gida, ko ka ci bashi da ruwa, ko ka tauye haƙƙin matarka da mahaifanka, to haƙƙin ɗan Adam shi ne a gaba, kuma babu zunubi a kanka idan ka tsaya a kan maganin rage zafi. Kuma ba a biyan wannan da kuɗin zakka, domin an riga an ƙayyade masu cin ta su takwas. Ina kuma yi maka gargaɗi da kada ka ba shi maganin ciwon jiki na mutane da ra'ayinka, domin irin su ibufurofen da dikulofenak sukan huda cikin kare su lalata masa ƙoda, sai ka zama ka cutar da shi ta inda ka nufi taimakonsa.

Mas'ala ta huɗu: hutar da shi da allura. A nan malamai sun saɓa. Wasu daga cikin Shafi'iyya sun hana kashe dabbar da ba a cin namanta ko da don a hutar da ita ne, suna ganin a bar ta ga ajalinta. Amma abin da Shehu Halilu ya tafi a kai a cikin Muhtasar shi ne halaccin yanka dabbar da ba a ci idan an yanke ƙauna daga gare ta, kuma Shehu Dardiri a sharhinsa ya kai abin ga matsayin mustahabbi saboda hutar da ita, yana misali da jaki da alfadari. Da wannan nake ba ka fatawa. Tun da kuwa manufar ita ce sauƙaƙawa, ba cin nama ba, kuma hadisin Shaddadu ɗan Ausu da ke cikin Muslimu ya wajabta kyautatawa har a cikin kisa, to allurar likita, wadda ke sa shi barci mai nauyi kafin numfashi da zuciya su tsaya, ita ce ta fi kusa da abin da Shari'a ke nufi; guba da sanda da jifa da rataya kuwa haramun ne, domin azaba ce a kan azaba. Alamar yanke ƙauna ita ce ka ga magani ya daina riƙe zafin, ya bar abincinsa a kasko har ƙuda ya rufe shi, ya kasa tashi ya kewaya, numfashi ya yi masa wuya, ko ƙashin ya karye. Idan ka ga haka, jinkirtawa don kai ba ka son rabuwa da shi fifita zuciyarka ne a kan wahalarsa. Bayan ya mutu ka haƙa rami mai zurfi ka binne shi, kada a yar a bola, domin maganin yana zama a cikin naman ya kashe ungulu da duk dabbar da ta ci. Kuma kada wani ya ɗauki wannan hukunci ya yi ƙiyasi da shi ga ɗan Adam: kashe majinyaci don a hutar da shi kisan kai ne haramtacce, domin mutum mukallafi ne da haƙurinsa ke kankare masa zunubi yana ɗaukaka darajarsa, dabba kuwa babu taklifi a kanta.

Abin da nake ba ka shawara da shi, ya ɗan'uwa, shi ne ka koma wurin likitan ka tambaye shi abu biyu kai tsaye: shin huhun yana da tsabta, kuma shin sauran ƙafafun za su iya? Idan ya ce e, kuma kana da hali, ka yi istihara ka bari a yanke, domin 'yan watannin da zai yi yana kwance a inuwar garke ba raɗaɗi alheri ne da ka saka masa da shi. Idan ya ce a'a, ko hannunka bai kai ba, ka riƙe shi da maganin zafi da shimfiɗa mai laushi da ruwa kusa da bakinsa muddin yana ci yana kaɗa maka wutsiya, ranar da wannan ya ƙare ka sallame shi da sauƙi. Duk wanda ka ɗauka cikin waɗannan ba ka yi laifi ba. Laifi ɗaya ne a cikin wannan al'amari, shi ne a bar shi yana nishi cikin dare ba a yi komai ba. Allah ya saka maka da alheri a kan tausayinka, ya yi mana rahama kamar yadda muke yi wa abin da ke ƙarƙashin hannunmu.

Wallahu a'alamu.