A Buɗe Lissafi, A Rufa Asirin Mabuƙaci

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya nuna mana wannan Juma'a, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Ya ku iyayenmu da 'yan'uwanmu, azumi ya ƙarato, lokacin da da yawa daga cikinmu ke fitar da zakka, ana kuma yawaita sadaka. Tunatarwar wannan mako a kan hanyar da taimakon ke bi ne, daga aljihun mai bayarwa zuwa hannun mai karɓa.

Ba mu manta da watan Maris na 2024 ba. Cikin azumi, a Jami'ar Jihar Nasarawa da ke Keffi, ɗalibai mata biyu suka rasu a turmutsutsin rabon shinkafa. Kwana biyu bayan haka, a Bauci, mutane da dama, akasarinsu mata, suka rasa rayukansu a wurin rabon zakka. Allah Ya jiƙansu. Masu rabon alheri suka nufa, amma an tara dubban mayunwata a ƙofa ɗaya ba tsari. To jama'a, kyakkyawar niyya ita kaɗai ba ta tsare rai.

Rubutu da bin diddigi ba baƙon abu ba ne a addininmu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi a kuma kafa shaidu. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Annabi (SAW) ya aiki Ibnul Lutbiyya karɓo zakka, da ya dawo ya yi masa lissafi, kuma ya hana shi riƙe abin da ya ce kyauta aka yi masa. Sayyidina Umar ya kafa diwani, aka rubuta sunayen masu haƙƙi a baitulmali. Idan an binciki sahabi, don me ɗan kwamitin masallaci zai ji haushi in an ce ya kawo takarda? Bincike kariya ce ga mai gaskiya, don bakin mutane ba ya barin wanda ya riƙe kuɗin jama'a.

Yau Allah Ya sauƙaƙa mana abin da magabata suka yi da alƙalami da tawada. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, mai sayar da doya, da dillalin shanu a kara ta Shinge, da mai tireda, kowa ya koyi tiransifa da POS. Wayar da muke karɓar cinikinmu da ita, ita za ta tsare mana amanar sadaka. Ga abin da kwamitin masallaci ya tsayar, da amincewar Malam Liman da dattawa.

Na ɗaya, duk kuɗin taimako zai shiga asusun banki mai sunan masallaci, ba asusun wani mutum ba, komai girmansa. Ba a fitar da ko kwabo sai mutum biyu cikin uku sun sa hannu, kuma alat zai riƙa shiga wayar su ukun lokaci guda. Mai ƙaramar waya ma zai iya turawa da lambobin bankinsa. Wanda ya kawo kuɗi a hannu, a ba shi rasit nan take.

Na biyu, za mu raba lissafin zakka da na sadaka da na gyaran masallaci. Aya ta 60 a Suratut Tauba ta ƙayyade kashi takwas na masu cin zakka, don haka ba za a sayi man janareta da ita ba. In za ka tura, rubuta "zakka" ko "sadaka" a wurin bayani. Ka tuna, zakkar kuɗi da kayan sayarwa naira 2,500 ce a kowace 100,000, idan dukiyar ta kai nisabi kuma ta shekara. Nisabin yana bin farashin zinare, kimanin giram 85, shi ya sa yake canzawa. Hukumar Zakka da Waƙafi ta Jihar Sakkwato na sanar da shi lokaci zuwa lokaci, mu ma za mu riƙa sa shi a zauren WhatsApp na masallaci.

Na uku, Juma'ar farko ta kowane wata za a liƙa takardar banki a allon sanarwa, a kuma tura hotonta a zaure: nawa ya shigo, nawa ya fita, gida nawa aka kai wa. Gani ya kori ji.

Na huɗu, ba za a yi layi a ƙofar masallaci ba. Wakilanmu na Tudun Gwandara, Sabon Pegi, Bukan Sidi da Shabu, tare da iyayenmu mata, su za su kawo sunayen zawarawa, marayu, marasa lafiya da matafiyan da guzuri ya yanke wa, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Za a shigar da sunayen a kwamfuta, yadda gida ɗaya ba zai karɓa sau uku ba alhali maƙwabcinsa mai kunyar roƙo bai samu komai ba. Mai asusu a tura masa, marar asusu a kai masa har gida.

Amma fa a kula da iyaka. Lissafi na kowa ne, sunan mabuƙaci sirri ne, mutum uku kawai ke ganinsa. Wallahi abin takaici ne a miƙa wa tsohuwa kwanon shinkafa a ce ta tsaya a ɗauke ta hoto a sa a Facebook. Alƙur'ani ya gargaɗe mu cewa gori da cutarwa suna ɓata sadaka, kuma cikin mutum bakwai da za su shiga inuwar Allah ranar ƙiyama akwai wanda ya ɓoye sadakarsa matuƙar ɓoyewa. Mai bayarwa ma in ya ce a sakaya sunansa, za a rubuta adadin kawai.

Sai batun saƙonnin neman taimako da ke yawo da hoton mara lafiya da lambar asusu. Wasu gaskiya ne, wasu na 'yan damfara ne. Kada ka tura, kada ka yaɗa, sai ka tabbatar. Turo wa sakatare, za mu aika a gano mutumin. Kuma babu ɗan kwamitin da zai kira ka ya tambayi lambar sirrinka ko BVN. Duk wanda ya tambaya ɓarawo ne.

Muna roƙon matasanmu da suka iya kwamfuta su tsaya bayan sallah, akwai aikin lada. Mai tambaya ko gyara, littafi na nan a ofis, kowa na da haƙƙin dubawa.

Allah Ya sa albarka a kasuwanninmu, Ya karɓi abin da muka bayar, Ya tsare iyalanmu da ke gida da waɗanda ke nan Lafiya, Ya kai mu Ramadan lafiya. Amin.

Sakataren Masallaci, a madadin Kwamiti